Fitar da naman rago zuwa kasuwannin duniya: tambayoyi da amsoshi kan inda harkar ta dosa

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin masu kiwo, dillalan kara da masu sha'awar zuba jari a fawa ta zamani. Cibiyar wannan ciniki tana Ostareliya da Niyu Zilan, don haka can muka fi mayar da hankali, sannan muka biyo naman zuwa ƙasashen Larabawa da gaɓar Bahar Maliya.

Su wa ke riƙe da kasuwar fitar da naman rago a duniya?

Ƙasashe biyu ne, Ostareliya da Niyu Zilan. Fiye da kashi biyu cikin uku na naman tumakin da ke tsallaka teku daga wurinsu yake fitowa. Ba su ne suka fi kowa yawan tumaki ba, Sin ce ke kan gaba a wannan, sai dai Sin tana cinye nata har ta sayo ƙari. Su kuwa waɗannan biyun jama'arsu kaɗan ce, makiyaya kuma ga ta nan birjik. Niyu Zilan tana fitar da sama da kashi 90 cikin 100 na naman 'yan ragunan da take yankawa.

Harkar ta tsufa. A watan Fabrairun 1882 jirgin ruwan da ake kira Dunedin ya tashi daga tashar Port Chalmers ta Niyu Zilan ɗauke da fiɗaɗɗun tumaki kusan 5,000 a cikin ƙanƙara, ya yi kwana 98 a hanya, ya isa Landan naman na nan lafiya lau. Tun daga ranar makiyayin Niyu Zilan ya daina kallon tunkiya a matsayin uwar ulu kawai. Ita kuwa Ostareliya yanzu ita ce ta ɗaya: a 2024 ta fitar da naman ɗan rago sama da tan 350,000, da na manyan tumaki kimanin tan 250,000, adadin da ba ta taɓa kaiwa ba kafin nan.

Me ya sa ake raba naman ɗan rago da na babbar tunkiya?

Saboda masu sayensu daban, kuɗinsu ma daban. A mayanka haƙora ake dubawa. Dabbar da ba ta cika shekara ba, ko wadda haƙoran girmanta ba su fara taɓa abinci ba, ita ake sa wa hatimin ɗan rago. Da zarar ta yi famfara sosai, ta faɗa wani aji mai arha. Ostareliya ta gyara wannan ƙa'ida a Yulin 2019 ta daidaita ta da ta Niyu Zilan, domin a da ɓullowar haƙori ɗaya tak kan zubar wa makiyayi da kuɗi mai yawa cikin dare ɗaya.

Naman ɗan rago laushi gare shi, ba shi da ƙarni sosai, shi ne na manyan otal-otal da kantuna. Na tsofaffin tumaki, wato uwayen da suka gama haihuwa, ya fi tafiya inda ake dafuwa mai daɗewa a wuta ko ake sarrafa shi.

Su wa ke saye, kuma wane sashe kowa ke so?

Nan ne daɗin harkar yake. Ba a cika sayar da rago sukutum ga mutum ɗaya ba. Ana sassara shi ne, kowane yanki ya nufi ƙasar da ta fi biyansa. Sin, wadda ta fi kowa sayen naman tumaki daga waje, ta fi son awaza da ƙirji masu kitse, a yanka su siri-siri a riƙa tsomawa cikin tafasasshen romo a kan tebur. Amurka tana biyan kuɗi mafi tsoka a kan haƙarƙarin baya da aka gyara tsaf, kuma ita ce kasuwar da ta fi kawo wa Ostareliya kuɗi a ɓangaren ɗan rago. Birtaniya cinya take so, musamman lokacin Ista. Jamus da Faransa da Holan suna ɗaukar tsoka zalla da cinya.

Ƙasashen Larabawa su ne suka bambanta. Mai saye a Dubai ko Doha ko Kuwait ya fi son ƙaramin rago cikakke, mara kitse da yawa, wanda zai gani a rataye ya zaɓa, a ɗora shi kan shinkafa a wajen walima. Shi ya sa ake ɗaukar fiɗaɗɗun raguna a jirgin sama daga Melbourne ko Perth su sauka yankin Gulf cikin kwana ɗaya ko biyu da yanka. Malesiya, Koriya ta Kudu, Japan da Papua New Guinea su ma suna saye gwargwadon hali.

Ribar mayanka takan fito ne daga iya wannan rabo. Wanda ya san inda zai kai kai, ƙafa, hanji, fata da kitse, shi ne zai iya ƙara wa makiyayi kuɗi ba tare da ya faɗi ba.

Ana ta cewa tumaki na ƙarewa a Niyu Zilan. Gaskiya ne?

Ba su ƙare ba, amma sun ragu matuƙa. A 1982 suna da tumaki miliyan 70, kusan 22 ga kowane mutum ɗaya. Zuwa 2024 sun dawo ƙasa da miliyan 24, ba su kai biyar ga mutum ba. Gwamnati ta janye tallafin noma daga 1984, filaye masu kyau suka koma kiwon shanun madara, yanzu kuma gonakin kan tudu ana ta saye ana dasa itatuwan katako saboda kuɗin da ake samu a cinikin rage hayaƙi. Gonar da aka mayar daji kuwa da wuya tunkiya ta sake taka ta. Ga ulu mai kauri ya faɗi warwas, har akwai shekarun da kuɗinsa bai biyan ladan masu sausaya.

Abin da ya kamata mai kiwo ya tsaya ya duba shi ne wannan: garken ya ragu da fiye da rabi, amma naman da ake fitarwa bai ragu haka ba ko kusa. Uwa 100 da a da ke ba da 'ya'ya kimanin 100, yanzu suna ba da kusan 130. Nauyin fiɗaɗɗen ɗan rago ya tashi daga wajen kilo 13 ko 14 zuwa kusan 19. Zaɓen iri ne, da gyaran ciyawa, da awon dabba a kan sikeli, da yi wa uwa hoton ciki don a ware mai tagwaye a ƙara mata abinci. Duk da haka raguwar ta taɓa mayanku. Kamfanin Alliance, wanda a lokacin na manoma ne, ya rufe mayankarsa ta Timaru a 2024, a 2025 kuma manoman suka amince su sayar da kashi 65 cikin 100 na kamfanin ga Dawn Meats na ƙasar Ireland.

Me ya sa farashi ke hawa da sauka haka a Ostareliya?

Ruwan sama. Bayan damina mai kyau ta shekara uku a jere, garke ya cika ya batse. A 2023 aka yi hasashen fari, kowa ya ruga kasuwa lokaci guda, mayanku suka kasa ɗauka. Tsofaffin tumaki suka zama abin tausayi, har aka ji labarin manoman da ke neman wanda zai karɓa kyauta saboda kuɗin mota ya fi kuɗin dabbar. Shekara biyu bayan nan, fari na gaske ya riga ya cinye garken jihohin Victoria da Kudancin Ostareliya, kaya ya yi ƙaranci, a tsakiyar 2025 kilo ɗaya na fiɗaɗɗen ɗan rago ya haura dalar Ostareliya 10, farashin da ba a taɓa gani ba.

Duk wanda ke son shiga wannan harka ya sa wannan a ransa. Bayan fari manoma kan riƙe mata don su sake gina garke, sai nama ya yi tsada na ɗan lokaci, sannan kaya ya dawo da yawa. Mai shigo da kaya da ya ɗaure kansa da farashi guda na shekara ba tare da ya kalli wannan juyi ba, zai sha wuya.

Mene ne bambancin daskararren nama da mai sanyi?

Daskararre shi ne wanda aka mayar ƙanƙara, yakan yi fiye da shekara bai lalace ba, kuma shi ne mafi yawan abin da ke zuwa Sin. Mai sanyi kuwa ba a bari ya daskare. Ana zuƙe iskar ledarsa, a riƙe shi a ɗan ƙasa da sifiri, wajen -1.5 a ma'aunin Selsiyus, ya yi mako goma zuwa sha biyu. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, domin a kanti ana sayar da shi a matsayin ɗanyen nama.

Sai dai kwanakinsa a ƙidaye suke. Lokacin da hare-hare a Bahar Maliya suka tilasta wa jirage zagayawa ta kudancin Afirka daga ƙarshen 2023, tafiya Turai ta ƙaru da kusan mako biyu, kuma kowace rana a teku rana ce da aka cire daga zaman naman a kanti. Kwantenar da ta makara sai a daskarar da ita a sayar da arha.

Naman da ke fitowa daga can halal ne?

Mafi yawansa an yanka shi ne da nufin kasuwar Musulmi. A Niyu Zilan kusan duk manyan mayankun fitar da kaya suna da mahauta Musulmi da takardar shaida, al'adar da ta kafu tun cinikin da suka ƙulla da Iran a ƙarshen shekarun 1970. A Ostareliya gwamnati ce ke kula da tsarin tare da ƙungiyoyin Musulunci da ta amince da su. Dalilin yanka kusan komai da halal a fili yake: tunda rago ɗaya za a rarraba shi ƙasashe da dama (duba amsar da ta yi bayanin masu saye), ya fi sauƙi kowane yanki ya cancanci shiga ko'ina.

Inda ake muhawara shi ne sumar da dabba kafin yanka. A ƙasashen biyu ana sa wa ragon lantarki a ka ya suma, sumar da idan aka ƙyale shi zai farfaɗo, sannan mahauci ya yi bisimilla ya yanka yana da rai. Hukumomin Malesiya, Indonesiya da ƙasashen Gulf sun karɓi wannan bisa sharuɗɗa, kuma sukan aika masu bincike su duba da idonsu. Akwai malamai da masu saye da ba su gamsu ba, suna son yankan da babu suma. Wannan saɓani yana cikin abin da ya sa cinikin dabba mai rai bai mutu ba.

Me ya sa Ostareliya za ta daina fitar da tumaki masu rai?

Majalisar ƙasar ta zartar da doka a Yulin 2024 cewa daga 1 ga Mayun 2028 babu sauran ɗaukar tumaki masu rai ta teku. Tushen maganar wahalar dabbobi ce. A Agustan 2017 tumaki kimanin 2,400 suka mutu saboda zafi a jirgin Awassi Express a hanyar Gulf, da hotunan suka fito a talabijin a 2018 jama'a suka harzuƙa. Tun kafin nan akwai abin da ya faru da jirgin Cormo Express a 2003, lokacin da Saudiyya ta ƙi karɓar tumaki sama da 50,000, suka yi ta yawo a teku fiye da wata biyu kafin Eritiriya ta karɓe su. Daga 2019 aka hana lodi a watannin da zafi ya fi tsanani a ƙasashen Larabawa.

Cinikin dama ya riga ya ja baya, daga miliyoyi a shekara a farkon shekarun 2000 zuwa 'yan dubban ɗaruruwa, kusan duka daga tashar Fremantle, Kuwait kuma ita ce babbar mai saye. Manoman Yammacin Ostareliya sun yi zanga-zanga sosai, kuma kukansu yana da tushe: jirgin ne ke kwashe dabbobin da mayanka ba ta so, shi ne kuma ke hana farashi faɗuwa ƙasa warwas. Gwamnati ta ware sama da dalar Ostareliya miliyan 100 don sauƙaƙa sauyin, amma da yawa daga cikinsu sun fara rage garke suna komawa noman alkama. Niyu Zilan ta daɗe da daina tura tumakin yanka, Birtaniya ma ta haramta a 2024.

To wa zai cike gurbin?

Buƙatar rago mai rai ba za ta gushe ba. Layya sai da dabba a tsaye, hadaya ma haka. Shirin Adahi na yankan hadayar alhazai a Saudiyya, wanda aka fara a 1983, yana yanka ɗaruruwan dubban dabbobi a cikin kwanakin Mina kaɗai. Waɗanda suka fi kusa da wannan kasuwa su ne Sudan da Somaliya. Ragunan Hamari da Kabbashi na yankin Kordofan a Sudan, dogaye, suna da farin jini a Saudiyya. Daga kasuwannin El Khuwei da El Obeid ake kwaso su, a killace, a yi musu allura, a loda a Suakin, kwana ɗaya sun isa Jidda. Daga Berbera da Bosaso kuma ragunan Somaliya masu baƙin kai ke tashi. Romaniya da Sifaniya su ma suna aikawa Jordan, Saudiyya da Arewacin Afirka.

Amma hanyar cike take da ƙaya. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya ratsa ta tsakiyar yankin kiwo, ya sa kai dabba tasha ya zama kasada da tsada. A Yunin 2022 wani jirgi da aka yi wa lodin wuce kima ya nutse a Suakin da tumaki sama da 15,000. Sannan ga cuta, wadda aka yi bayaninta a ƙasa.

A ganinmu babbar damar ba a jirgin dabbobi take ba. Wanda ya tura rago da ransa ya tura fata, kayan ciki, aikin mahauta da ladan masu gyara duk zuwa ƙasar wani. Habasha ta nuna wata hanya: mayankun garin Modjo suna fiɗe awaki da tumaki, a sanyaya, a ɗora a jirgin sama zuwa Dubai da Saudiyya. Kenya ma tana yin haka. Ƙasashen Gulf kansu suna ƙara sabawa da nama mai sanyi a manyan kantuna, kuma Ostareliya tana sayar musu da nama a kwali fiye da yadda take sayar musu da dabba tun tuni.

Yarjejeniyoyin ciniki suna da tasiri?

Sosai. Niyu Zilan ta riga kowa shiga Sin saboda yarjejeniyar 2008, Ostareliya ta biyo a 2015. Yarjejeniyoyin ƙasashen biyu da Birtaniya sun fara aiki ranar 31 ga Mayun 2023, inda Ostareliya ta samu damar shigar da tan 25,000 babu kuɗin fito, adadin da zai riƙa hawa zuwa 75,000 cikin shekara goma. Ta Niyu Zilan da Tarayyar Turai ta fara a Mayun 2024. Indiya ta cire wa Ostareliya harajin kashi 30 cikin 100 a ƙarshen 2022, ko da yake har yanzu kasuwar manyan otal ce kawai. A ɗaya ɓangaren, Amurka ta ɗora sabon haraji a 2025, kuma makiyayanta sun daɗe suna neman a taƙaita naman waje.

Wane haɗari ne ya fi girma?

Cuta. Ostareliya da Niyu Zilan suna shiga kowace kasuwa ne saboda ba su da ciwon baki da kofato; ranar da ya ɓulla, ƙofofi za su rufe a yini guda. Shi ya sa hankalinsu ya tashi da cutar ta shiga Indonesiya a 2022, shi ya sa kuma daga Janairun 2025 Ostareliya ta wajabta sa wa sababbin tumaki ɗan kunne mai na'ura, wanda ke nuna gonar da dabba ta fito da duk inda ta bi. Gabashin Afirka ya ɗanɗana wannan: saboda zazzaɓin Rift Valley Saudiyya ta rufe wa Somaliya ƙofa daga 2000 har 2009, ta kuma dakatar da Sudan a 2019.

Na biyu shi ne dogaro da mai saye ɗaya. Da tattalin arzikin Sin ya yi sanyi a 2023 da 2024, manoman Niyu Zilan da yawa sun yi shekarar da ba riba. Sai tsadar naman kansa: kaza da alade sun fi shi arha da nisa, kuma iyali idan aljihu ya matse naman rago suke fara ajiyewa.

Najeriya da Nijar fa, suna da rabo?

A yanzu ba a wannan kasuwa ta ƙetaren teku ba. Najeriya ba ta ƙoshi ba balle ta ba wani. Gab da Babbar Sallah tirelolin raguna daga Nijar da Chadi ne ke cika Maigatari, Mai'aduwa da Illela kafin su gangara Legas. Da Nijar ta dakatar da fitar da dabbobi a Mayun 2025, masu layya a Najeriya sun ji a jikinsu. Cinikin da ke tsakanin maƙwabta shi ne na haƙiƙa, kuma babba ne.

Dabbar kam akwai ta. Balami da Uda ba sa jin kunyar tsayawa kusa da kowane rago, kuma irin tumakinmu masu gashi, marasa ulu, su ne duniya ke komawa gare su: manoman Ostareliya suna ta rungumar Dorper, wanda aka samar a Afirka ta Kudu daga jinin ragon Somaliya mai baƙin kai, don su huta da sausaya. Abin da ya rage shi ne abin da mai saye a waje ke tambaya kafin ya tambayi farashi. Ina shaidar rigakafin annobar PPR mai kashe awaki da tumaki, wadda duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar kawar da ita? Ina wurin killacewa da likitocinsu suka amince da shi? Ina mayankar da rago zai rataya bai taɓa ƙasa ba, ga ruwa mai tsabta, ga wutar da ba ta ɗaukewa har naman ya shiga jirgi? Najeriya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo a 2024, kuma waɗannan su ne ayyukan da za a auna ta da su. Mai jari da ya fara da kai nama mai sanyi daga Kano zuwa Legas da Fatakwal a mota mai firji, maimakon dabbobi su yi kwanaki a tirela suna ramewa, ya riga ya fara koyon aikin da fitarwa ke buƙata.

Ina ake ganin harkar za ta kai nan da 'yan shekaru?

Alamu sun fi nuna kaya zai yi ƙaranci fiye da masu saye. Garken Niyu Zilan da na Turai suna raguwa, Ostareliya na farfaɗowa daga fari, Arewacin Afirka kuma na fama: a 2025 Sarki Mohammed VI ya roƙi mutanen Maroko su haƙura da layya saboda fari ya cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na dabbobinsu, Aljeriya kuma ta shirya shigo da raguna har miliyan ɗaya don Sallar ta 2025. Jama'ar ƙasashen Gulf na ƙaruwa, otal-otal na ƙaruwa, al'ummomin Musulmi a Turai da Amurka su ma suna riƙe da kasuwar.

Wannan ba ya nufin farashi zai yi ta hawa babu sauka. Amsar da ta shafi farashin Ostareliya ta nuna yadda yake juyawa cikin shekara biyu. Mai bibiyar harkar ya sa ido a kan ruwan sama a kudancin Ostareliya, yawan abin da Sin ke saye a watannin sanyi, halin da hanyar Kordofan zuwa Suakin ke ciki, da kuma inda Kuwait za ta koma sayen raguna bayan 1 ga Mayun 2028.